Lauya, wadda ba ta tsayawa a "da sauƙi"

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, kafin mai shara ta gama da baranda. Abu na farko da take yi shi ne buɗe tagogi, na gaba da na baya, ko da ruwa ake tsugawa, domin a sashen masu tarin fuka ba a wasa da iska. Daga nan ta jawo sikeli da ƙafa zuwa tsakiyar ɗaki, ta hau da kanta ta ga ko yana faɗin gaskiya, ta yi tsaki in ta ga nauyinta ya ƙaru, ta sauka. Sai ta jera katunan waɗanda za su zo karɓar magani a ranar, ta buɗe durowar hannun dama, ta zaro fom biyar ta ajiye kusa da gwiwar hannunta. Fom ɗin na rahoton illar magani ne. In ƙwaya ta yi wa mutum wani abin da ba don shi aka ba shi ita ba, ƙaiƙayi ne, amai ne, jiri ne, a nan ake rubutawa, a aika wa cibiyar da ke tattara irin waɗannan rahotanni daga asibitoci. Shekara ashirin da tara ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

A takarda, mai ba da magani ce. Amma tun kafin in san ta marasa lafiya suka raɗa mata Lauya, sunan kuwa ya bi ta har likitoci ma da shi suke kiranta. Dalili shi ne ba ka karɓar maganinka ka wuce sai ka sha tambayoyi kamar wanda aka gurfanar.

Kun dai san halinmu. Mutum na kwance ko juyawa ba ya iyawa, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ni ma haka nake cewa. Lauya ba ta musa wa kowa. Takan ce, "Allah ya ƙara sauƙi," da fara'arta, sannan ta gyara zaman tabarau ta ce, "To, mun gaisa. Yanzu kuma yaya jikin?"

Daga nan sai a shiga shari'a. Fitsari wane launi? Abinci na shiga, ko kallonsa kawai ake yi? Ɗaga ido ka dubi silin in ga farin idon. Da dare ka yi susa? In ka ce a'a, ta ce to wannan sawun farcen a wuyanka na maƙwabcinka ne? Masu jira a benci suna ƙorafi, kuma gaskiyarsu ne, domin layin Lauya ba ya sauri. Na taɓa jin wani dattijo yana cewa shi magani ya zo karɓa, ba aure ya zo nema ba da za a bi masa asali haka. Ta ji shi sarai, ta yi dariya, da layi ya zo kansa kuma ba ta rage masa tambaya ko ɗaya ba.

Mai sharar sashen, wadda ta fi kowa daɗewa tare da ita, ta ba ni labarin wani direban babbar mota. Sau uku ana tambayarsa yana cewa lafiya ƙalau. Ya karɓi magani ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ashe ya bar silifas ɗaya a ƙarƙashin benci, yana tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa bai sani ba. Lauya ta leƙo ta taga ta ce, "Direba, dawo. Ƙafar da ba ta san ta rabu da takalmi ba, da ita kake taka birki?" Nan ya zauna ya faɗi gaskiya, cewa mako biyu ke nan yana ji kamar auduga yake takawa. Likita ya ƙara masa ƙwayar bitamin da ke kare jijiya, ya hana shi tuƙi na ɗan lokaci. A fom kuwa, in ji mai shara, maganarsa ta rubuta yadda ya faɗe ta, har audugar, sannan ta sa sunan abin na likitanci a ƙasa.

Likitan sashen da kansa ya gaya mini cewa da ya zo sabo ta ishe shi. Ƙuraje biyu a hannun mutum, sai ga ta da fom tana neman sa hannu. Wata rana ya ce mata, "Mama, tsakani da Allah, wa ke karanta waɗannan takardun?" Ta ce, "Ban san fuskarsa ba, likita. Amma in ni na ga mutum ɗaya, wani asibiti ya ga biyu, wancan ya ga uku, mai tattarawa shida zai gani. Sa hannu, mutane na jirana." Ya ce tun daga ranar bai ƙara tambaya ba.

Waɗannan duk ji na yi. Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa a gabana aka yi shi, kuma ina da laifi a ciki.

Yayana tela ne, shekara talatin da ɗaya a kan keken ɗinki. Da shi muke taƙama a gidanmu, domin shi ne mutumin da zai hango ka daga nesa ya ce maka kafaɗar rigarka ta hagu ta fi ta dama da rabin inci. Shekara biyu da suka wuce tari ya kama shi, ya rame har wuyan riga na yi masa yawo. Da aka gwada majina aka ce tarin fuka ne. Matarsa, wadda nake kira Anti, tana fama da yara huɗu, don haka ni ce mai raka shi asibiti, tunda dama an san ni da baki.

Ranar farko Lauya ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce fitsari zai koma ja-ja, kada ya tsorata. Ta ce in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya canza, ya zo ko ba ranarsa ba ce. Ta ce kuma kada ya kuskura ya tsallake magani ko na rana ɗaya, domin tarin da aka yi wa wasa yakan dawo da taurin kai. A cikin duk wannan, na ƙarshen kawai Yaya ya riƙe.

Magani kuwa ya karɓe shi. Kafin mako bakwai tari ya lafa, kumatu sun fara dawowa, ya koma shago. Don murna ya ce in kawo yadi ya ɗinka mini riga kyauta, abin da bai taɓa yi ba sai na yi wata uku ina bin sa. Na kai masa jan yadi. Da na je karɓa sai na ga kalmasar wuya da ta hannu da ta ƙasa duk da koren zare aka bi su, kore shar a kan ja.

Na kwashe da dariya na ce, "Yaya, sabon yayi ne wannan?"

Ya ce, "Me?"

Na ce, "Zaren mana."

Ya kai rigar bakin ƙofa ya daɗe yana juya ta a haske. Sai shi ma ya yi dariya, ya ce bobin zare ne ya rikice masa. Ni kuwa mai wayo, na ce tsufa ne ya zo, washegari na tsaya wajen mai tabarau a bakin titi na saya masa na karatu. Wallahi har yau in na tuna tabaran nan sai in ji kunyar kaina.

Bayan kwana biyu Anti ta ja ni gefe ta ce yanzu ita ke zura masa zare a allura, kuma wani ya dawo da wando yana faɗa. Na same shi a shago, na ce, "Yaya, Lauya fa ta ce in gani ya canza a je."

Ya tsayar da keke ya dube ni. Ya ce, "Ke, kada ki kuskura ki faɗa mata. Tana ji za ta tsayar da maganin. Tarin ya dawo in shafa wa yarana? Saura kaɗan in gama kashin farko na maganin. Idon zai washe."

Ni da ake cewa ba a rufe mini baki, sai ga shi na yi shiru. Yayana ne, bai taɓa roƙona komai ba, kuma tsoron da na gani a fuskarsa na gaske ne.

Ranar karɓar magani ta zo. Ni da sabon kaya ba ma haƙuri da juna, don haka rigar nan na saka, kore da ja da komai, na ce ai mayafi zai rufe. Yaya kuwa ya riga ya haddace tambayoyin Lauya kamar karatun allo. Fitsari? Yadda kika ce. Abinci? Har ƙari nake nema. Ƙafa? Ina jin ta. Ido? Garau. Ta auna shi, ta yaba da kilo ukun da ya ƙara, ta ɗauko magani ta ɗora a kan tebur. Na miƙa hannu zan ɗauka, mayafi ya zame.

Ba ta saki kwalin ba. Ta ce, "Ƙanwata, wa ya ɗinka miki rigar nan?"

Na ce, "Yaya ne."

"Shi da hannunsa, ba wani a shagon ba?"

"Shi kaɗai ne a shagon."

Ta janye maganin zuwa gabanta a hankali. Akwai fayil biyu a ƙarshen teburin, ɗaya ja ɗaya kore. Ta ce, "Malam tela, don Allah miƙo mini jan fayil ɗin can."

Hannunsa ya tafi ya tsaya a sama tsakanin biyun. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗauki koren ya miƙa mata. Ya ji numfashina, ya gane.

Ya ce, "Mama, ki ba ni maganina in tafi. Ina da yara."

Ta ce, "Ba wanda zai raba ka da magani. Saurare ni da kyau. Ƙwayar da kake haɗiya, magani huɗu ne aka dunƙule a cikinta. Ɗaya daga ciki yakan taɓa jijiyar ido a wasu mutane. Shi za a cire, likita ya sake tsara maka sauran. Tarinka za a ci gaba da yaƙarsa, na yi maka alkawari."

"Idon fa? Zai dawo?"

"Ban sani ba. In an tsayar da wuri yakan dawo. Yau kwana nawa da farawa?"

Ya sunkuyar da kai. Ni ce na ƙirga daga ranar da na karɓi riga, na ce, "Goma sha shida."

Na jira faɗa, domin na cancanta. Ba ta yi ba. Ta maimaita, "Kwana goma sha shida," ta rubuta a gefen katinsa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta miƙe ta leƙa ta ba masu jira haƙuri, ta sa Yaya a gaba har ofishin likita, kuma ba ta koma kujerarta ba sai da aka rubuta masa takardar ganin likitan ido a ranar, aka ɗebi jini. Sakamakon jinin ya nuna ƙodarsa ba ta tace maganin yadda ya kamata, shi ya sa ya taru a jikinsa.

Ina zaune a gefenta lokacin da take cike fom ɗin Yaya. Akwai wani gurbi da ke tambaya ko an gwada ganin mara lafiya kafin a fara ba shi magani. Na ga ta tsaya, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Sannan ta rubuta cewa ba a gwada ba, littafin gwajin launi na sashen ya ɓace tun bara, ita kuma ba ta matsa a kawo wani ba, ta tsaya a tambayar baki.

Da likita ya zo sa hannu ya karanta, sai ya ce, "Mama, wannan layin a kanki zai faɗo fa. Saura miki shekara biyu. Ki ce babu littafi kawai, ai gaskiya ne."

Ta ce, "Gaskiya ne. Ban matsa ba ma gaskiya ne. In na ba su rabi, rabi za su gyara."

Ya yi ta kaɗa biro a kan tebur. Can sai ya jawo fom ɗin ya ƙara nasa layin a ƙasan nata, cewa shi ma bai nemi gwajin ƙoda ba kafin a fara. Ya sa hannu ya fita bai dubi kowa ba.

Bayan kwana tara aka kira ta a waya daga cibiyar, aka yi mata tambayoyi har ita ma ta ɗanɗana abin da take yi wa mutane. Aka nemi ta riƙa aiko da bayanin idon Yaya duk wata. Takarda ta biyo baya zuwa ga shugabannin asibitin, ta amsa tambaya a rubuce, kuma na san abin bai yi mata daɗi ba ko da ba ta faɗa ba. Amma sabon littafin gwaji ya iso, kuma daga lokacin ba wanda ake fara ba magani a sashen sai an gwada masa ido an duba ƙoda.

Mu kuwa a gida sai jira. Watan farko ba abin da ya canza, har ma Yaya ya ce hazon da yake gani ya ƙaru. Ya lulluɓe keke da tsohon zani, ya riƙa zama a bakin shago yana gane mutane da murya. Mutumin da ba ya faɗa ya koma kome aka yi sai ya yi tsawa. Wata rana ya tambaye ni, a hankali yadda Anti ba za ta ji ba, wace sana'a makaho ɗan shekara hamsin zai iya koya. Na shiga bayan shagon na yi kukana.

Duk wata Lauya takan buɗe masa littafin nan mai ɗigo-ɗigon launi da lambobi a ɓoye a ciki, ta rufe masa ido ɗaya da kati, ta ce, "Me ka gani?" Ya ce ɗigo. Ta rubuta ɗigo. Ba ta taɓa ce masa ya kusa ba don ta faranta masa rai, ba ta kuma taɓa barin ya tafi ba tare da ta tuna masa cewa majinarsa ta fito babu ƙwayar cuta ba, yaransa kuma an gwada su duka lafiya.

A wata na biyar, da ta rufe masa idon dama, ya daɗe yana kallon shafin, ya matso da shi, ya ja da baya. Sai ya ce, "Kamar bakwai... da huɗu. Saba'in da huɗu?" Lauya ta juya shafi. Ya faɗi na gaba. Ta sake juyawa, ya faɗa. A na huɗu ta ajiye littafin ta ce wai bari ta duba tagar baya, alhali tun safe a buɗe take. Ni dai ban ɓoye nawa ba, na rangaɗa kuka har mai shara ta shigo da tsintsiya a hannu tana tambayar wa ya rasu.

Idon hagu ya dawo. Na dama har yau da ɗan hazo a tsakiyarsa, kuma likitan ido ya ce mai yiwuwa haka zai zauna. Tarin ya warke sarai. Yaya ya yaye zanin da ke kan keke, yana ɗinki, sai dai aikin ado mai ƙananan zare ya bar shi. Ranar rahoton ƙarshe ya ce mata ta rubuta ya warke tas. Ta ce a'a, ta sa alama a gurbin da ke cewa ya warke amma da saura, domin abin da ya faru ke nan.

Mama Lauya, ke ce kika dubi hannun rigar 'yar rakiya alhali mara lafiyar ya amsa miki komai daidai. Ke ce kika rubuta laifinki da hannunki a takardar da kika san za a karanta a sama, ba wanda ya tilasta ki. Mai dogon sauraro, mai jinkirin layi, uwar masu tari. Ba a taɓa kiran sunanki a wani taro ba, kuma yawancin waɗanda aka gwada wa ido a sashen nan tun daga lokacin ba su san dalilin da ya sa ake yi ba. Ni na sani, Anti ta sani, yara huɗu sun sani. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar cin moriyarsa.

Ku kuma da za ku gaji kujerar nan, da takwarorinku a ko'ina, don Allah kada fom ɗin nan ya yi ƙura a durowa. Ku cike shi ko abin ya yi kama da ƙarami, ku cike shi ko zai nuna gazawarku. Mu kuma 'yan rakiya, in mun ga abin da ba daidai ba a jikin namu, mu buɗe baki ko da zai yi fushi da mu. Fushin Yaya da na guje wa, da ya yi shi ya gama cikin kwana biyu.

Da na kammala wannan rubutu na kai wa Yaya, tunda sirrinsa na tona. Na ce bari in karanta masa, ya ce a'a, ba ni nan. Ya zauna a bakin shago, ya runtse idon dama, ya bi shi layi-layi da yatsa, ya ɗauki kusan awa guda. Da ya gama ya ninke takardun ya riƙe bai ba ni ba.

Ya ce, "Kin yi kuskure wuri ɗaya."

Na ce, "Ina?"

"Goma sha shida kika sani. Ashirin da uku ne. Na yi mako guda ina ganin hazon kafin ki karɓi rigarki, ban gaya wa kowa ba, har Antinki." Ya miƙo mini takardun. "Je ki faɗa mata kafin ta bar aiki. Abin da ta aika musu ba daidai ba ne, kuma ni na jawo."

Na je washegari, saura mata kwana huɗu. Na bi layi kamar kowa. Da na faɗa mata, ba ta ce ai ya wuce ba, ba ta ce shekara biyu ke nan ba. Ta zaro sabon fom daga cikin biyar ɗin da ke gefenta, ta cire murfin biro, ta ce, "Zauna, ƙanwata. Ya ce miki da wane idon ya fara?"